Sun ce a ba da jinin yarona don bincike, in sa hannu ko in ƙi?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada ce ta turo min wannan tambayar. Ɗanta mai shekara 6 sikila ne, ranar da suka je kilinik wasu likitoci daga jami'a suka ce suna wani bincike, suna so su ɗebi jininsa kuma su ɗora masa wata na'ura a gefen kai, suka ba ta takarda ta tafi da ita gida. Surukarta ta ce kada ta kuskura, abin da aka yi wa yaran Kano ne za a maimaita. Maigida kuma ya ce a tambayi wanda ya sani tukuna. Tana so ta ji menene binciken nan, ina ake kai jinin, kuma ta sa hannu ko a'a.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya ya ba ku ladan jinya, wanda bai taɓa kwana zaune da mai sikila ba bai san abin da kuke gani ba. Ni malama ce a sashen cututtukan jini na makarantar likitanci, rabin rayuwata a ɗakin gwaji take rabi a wurin marasa lafiya, so irin takardar da ke hannunki ni ma na sha miƙa wa iyaye ita.

Bari in fara da Hajiya surukarki, don wallahi tsoronta ba na banza ba ne kuma kada ki bari kowa ya ce mata rashin wayewa ne. A 1996 an yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta kashe mutum sama da dubu 10. Ana cikin wannan tashin hankalin kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda ake ce wa IDH, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Yara wajen 200 aka ɗauka, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan 6 a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarnar ba maganinsa ba, kuma gaskiya ne sanƙarau na kisa yana kurumtarwa. Amma inda gizo ke saƙar shi ne iyaye da yawa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba a gaya musu cewa a cikin asibitin nan ɗin akwai wasu likitocin agaji da ke ba da magani sananne kyauta ba, sannan takardar izinin da aka nuna daga baya ta tabbata cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a shekarar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuma tsugune ba ta ƙare ba, don a 2003 da aka tsayar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da nan Kaduna, wannan tabon na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, yara suka shanye a banza. Toh kin ga wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya yi tsalle.

Abin da nake so Hajiya ta sani shi ne wannan abin kunyar ne ya sa aka ɗaure mu da dokoki. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, akwai kwamitin ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya da ke sa ido, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Kowane asibitin koyarwa yana da nasa kwamitin, kuma ba likitoci zalla ke zama a ciki ba, dole a sa mutanen gari waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Ni yau ko tambayoyi kawai zan yi wa marasa lafiya sai na rubuta komai dalla-dalla na kai musu, me zan yi, mutum nawa, jini nawa, ina zan ajiye, wa zai gani, su dawo min da shi da gyara, wani lokaci wata biyu uku ina jira. In kuwa magani za a gwada sai NAFDAC ma ta yarda. Ba zan ce miki yanzu kowa waliyyi ne ba, a'a, amma yanzu akwai lambar izini da za ki iya cewa a nuna miki, akwai ofishin da za ki kai ƙara.

Kalmar bincike ɗin nan ita ke ruɗa mutane don abubuwa daban-daban ake kira da ita. Wani fayil ɗin marasa lafiya kawai zai zauna ya ƙirga, wani tambayoyi zai yi miki, sau nawa ya kwanta asibiti bana, yana kwana a gidan sauro, shikenan. Wani zai ɗebi jini ko fitsari ya auna abu, ba zai ba yaro komai ya sha ba. Sai kuma babban, wanda ake ba da magani a ga yadda zai yi aiki. Yadda kika kwatanta naku, jini da na'ura a kai, ya fi kama da na aunawa, amma ki tambaye su kai tsaye: za ku ba shi wani abu ya sha ko a yi masa allura? Amsar wannan ita za ta nuna miki nauyin abin da kike sa wa hannu.

Maganar ina jinin ke zuwa kuwa, zo in kai ki ɗakinmu ki gani. Nas za ta ɗebi kamar cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5 ko ƙasa da haka, ta zuba a 'yar kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, a cikinta akwai sinadarin da ke hana jini daskarewa. Yaro mai kilo 20 yana da jini wajen lita ɗaya da rabi a jikinsa, so cokali ɗaya ba zai rage shi da komai ba, duk da haka tunda mai sikila dama jininsa a ƙasa yake, ana lissafa abin da za a ɗiba da nauyinsa, kuma ranar da ba shi da lafiya ko idonsa ya yi fari fat bai kamata a ɗiba don bincike ba, ki ce a bari sai ya warware. Ba a rubuta sunansa a jikin kwalbar, lamba ake mannawa, littafin da ya haɗa lamba da suna yana kulle wurin shugaban binciken. Daga nan a sa a kula mai ƙanƙara a kawo mana. Wani kason mu sa a na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin jini, wani mu sa a injin da ke juyawa da gudu har ruwan jinin mai kalar rawaya ya taso sama jajayen ƙwayoyin su kwanta ƙasa, mu tsotse da ɗan bututu mu rarraba a ƙananan robobi da ba su kai ɗan yatsa ba, mu jera a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wannan firizar ita ce ranmu. Akwai shekarar da wuta ta ɗauke ana hutun sallah, janareta ya tsaya cikin dare ba wanda ya kira mu, da muka dawo na buɗe ƙofar na ji ɗumi ya bugi fuskata maimakon hayaƙin sanyi, jinin yara sama da shekara guda muna tarawa duk ya lalace. A ƙasa na zauna na yi kuka, ba don aikina kaɗai ba, don na tuna iyayen da suka biya kuɗin Keke daga Rigasa da Kawo suka riƙe mana hannun 'ya'yansu aka soka musu allura. Tun daga ranar ban ƙara kallon kwalbar jini a matsayin kaya ba, amana ce.

Wani lokaci akan tura wani kaso waje, Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, saboda akwai gwajin ƙwayoyin gado da injinsa ya fi ƙarfin aljihunmu. Wannan ma ba a ɗauka a jaka a hau jirgi haka kawai, sai an yi yarjejeniya a rubuce tsakanin jami'o'in biyu, kwamiti ya gani, kuma dole a rubuta a takardar da kika sa wa hannu. Ki duba ko an rubuta, in ba ki gani ba ki tambaya, za a fitar da shi? shekara nawa za a ajiye? za a yi wani binciken daban da shi nan gaba? Kina da damar ki ce na yarda da wannan amma ban yarda a ajiye ba. Ba a sayar da shi, ba a ƙara wa wani, cokali ɗaya da aka zuba wa sinadari ba zai yiwu a ƙara wa kowa shi ba.

Toh me ya sa ma muke wahalar da kanmu da ku? Saboda duk abin da ake ba ɗanki a kilinik yau, wasu iyaye ne suka sa hannu kafin a san yana aiki. Penisilin ɗin da ake ba ƙananan masu sikila kullum, wani bincike ne da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna yana rage mugun ciwon ƙwayoyin cuta da ke kashe su da kashi 84 cikin ɗari. Sanin cewa mai AS, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangaren iyaye ɗaya kawai, yana da kariya daga mummunar maleriya, wanda shi ya sa gadon sikila ya yi yawa a ƙasashenmu, wani masani mai suna Anthony Allison ne ya nuna shi a 1954 da jinin mutanen gabashin Afirka. Kuma mu ne muka fi kowa buƙata, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai wajen dubu 150 ake haifa da ita duk shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. In mun zauna jiran Turawa su yi mana, za su yi ne daidai da asibitocinsu da aljihunsu. Kin ga a ƙarshen 2023 an amince da wani magani mai suna Casgevy da ke gyara ƙwayar gado, a lokacin aka sa kuɗinsa dala miliyan 2.2 mutum ɗaya. Wa zai biya wannan a Tudun Wada? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in ba ki misalin da ya fi kusa da ke, don na'urar da suka ce za su ɗora masa a kai ina kyautata zaton ita ce TCD, wato na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Cikin yara masu SS, in ba a yi komai ba, kusan 11 cikin ɗari suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20. Yaro yana wasa lafiya lau, da safe a tashe shi a ga baki ya karkace hannu ba ya ɗaguwa, a gida a ce iska ce ko jifa, alhali jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta tsuke. TCD tana gano wannan tun kafin ya faru. Irin sikanin ɗin masu ciki ce, ba allura ba zafi ba wuta, ɗan man shafawa mai sanyi ake sawa a gefen kai wajen saitin kunne a ɗora abin, za ki ji tana ƙara fuu fuu daidai da bugun zuciyarsa, tana auna gudun jini. Kamar tiyo ne in kika matse bakinsa ruwa ya ƙara gudu, haka jijiya in ta tsuke. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ko ya wuce, yaron na cikin hatsari babba, wajen 10 cikin ɗari duk shekara.

A Amurka tun 1998 suka gano cewa in ana yi wa irin waɗannan yaran ƙarin jini duk wata, hatsarin na faɗuwa da kashi 90 da wani abu. Madalla, amma ke kin san yadda neman leda ɗaya ta jini yake a garin nan, a kira 'yan'uwa a kira abokan maigida a bi layi a lab, balle duk wata shekara da shekaru. Maganin yana nan a littafi amma bai iso mu ba. Sai likitocinmu na asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala a Kano, da asibitin koyarwa na Barau Dikko nan Kaduna, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi wani bincike da ake kira SPRING. Suka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda TCD ɗinsu ta nuna hatsari, aka ba su ƙwayar hydroxyurea maimakon ƙarin jini, rabi miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi miligiram 20. Maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke da shi tun yana cikin mahaifiyarsa, wanda ba ya lanƙwashewa ya zama lauje. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022: a duka ɓangarorin biyu yaran da suka samu shanyewar jiki kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da abin da aka saba gani, ƙaramin awon bai gaza babban ba wajen kare ƙwaƙwalwa, sai dai masu shan babban sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Ni ba na cikin waɗanda suka yi aikin amma ina alfahari da shi kamar nawa, don yau likita a Gana ko Yuganda zai buɗe wannan takardar ya yi wa yaro magani da abin da aka koya daga yaran Kano da Kaduna. Iyayen yaran nan 220 su ma an ba su takarda irin taki, su ma na tabbata akwai wadda surukarta ta ce kada ta kuskura.

Wani abu da ke tayar wa iyaye hankali a irin wannan gwajin shi ne in aka ce ƙuri'a za a yi, kwamfuta ce za ta zaɓi ɓangaren da yaro zai shiga, kuma likitan ma bai san wanne aka ba shi ba. Sai uwa ta ce au, caca za ku yi da ɗana? Dalilin shi ne in aka bar ni in zaɓa, zuciyata za ta sa in tura yaran da suka fi jin jiki ɓangaren da nake ganin ya fi, ko in fi lura da sauƙin da suka samu, sai sakamakon ya fito karkatacce mu yaudari kanmu mu cuci na baya. Kuma ba a yarda a yi ƙuri'a ba sai in da gaske ba a san wanne ya fi ba. Akwai wasu masana daban da ba sa cikin masu binciken, su suna leƙa sakamakon lokaci lokaci, in suka ga ɓangare ɗaya na cutuwa ko amsa ta riga ta fito sai su ce a tsaya.

Yanzu laifinmu, don ba zan ɓoye miki ba. Sau da yawa takardar da Turanci take, shafi huɗu biyar, a miƙa wa uwa tana goye da wani ga wani yana kuka a ce sa hannu nan. Wannan ba amincewa ba ce. Haƙƙinki ne a ba ki ta Hausa ko a karanta miki a fassara a gaban shaidar da kika yarda da shi, a ba ki kwafi ki tafi da shi. Na ji daɗi da suka bar ki kika kai gida, alama ce mai kyau. Laifi na biyu, mukan ɗebi jini mu rubuta takardunmu a ƙara mana girma a wurin aiki, iyaye ba su ƙara jin ɗuriyarmu ba. Wannan yana ci min rai sosai, kuma shi ke sa mutane su ce an yi amfani da su. Ki tambaye su ƙarara, sakamakon ɗana za ku gaya min? in kun ga matsala wa zai yi magani, wa zai biya? In wani abu ya same shi sanadin binciken fa? Ki karɓi lambar wayar shugaban binciken da ta kwamitin da ya ba da izini, ya kamata duka suna jikin takardar. Kuɗin mota da ɗan abin sha da akan bayar ba laifi ba ne, amma in kika ga kuɗin ya yi yawan da zai sa ki rufe ido ki yarda da abin da da ba za ki yarda ba, ki ja baya ki ƙara tambaya.

Sai kunya, wadda ita ce ta fi damuna da matanmu. Likitan da ke duba ɗanki shekara da shekaru ya roƙe ki abu, sai ki ji nauyin ce masa a'a, ko ki ji tsoron in kin ƙi za a canza miki fuska a kilinik. Doka ta hana. In kin ƙi, katinsa da layinsa da maganinsa suna nan yadda suke, in kin shiga yau bayan wata uku kika ji ba ki so, ki ce kin fasa, ba sai kin kawo dalili ba. Shi ma yaron a yi masa bayani daidai hankalinsa, kar a danne shi kawai, masu sikila sun sha allura har sun gaji, suna gane wanda ya gaya musu gaskiya.

In ra'ayina kike so, in dai aunawa ce da TCD, suka nuna miki izinin kwamiti, suka amsa tambayoyin nan ba tare da ƙosawa ba, ni da ɗana ne zan sa hannu. Ki koma da maigida, in Hajiya za ta iya zuwa ku tafi da ita ta ga na'urar da idonta ta yi nata tambayoyin, na sha ganin kakar da ta zo da faɗa ta koma tana kawo mana jikokin maƙwabta. In kuwa suka yi ta kauce-kauce ko suka ce sa hannu kawai ba komai, ki ninke takardar ki mayar musu.

Amma ko kin shiga ko ba ki shiga ba, dan Allah kada maganar bincike ta sa ki rasa TCD ɗin. Duk yaro mai SS daga shekara 2 zuwa 16 ya kamata a yi masa sau ɗaya a shekara, naki yana da 6, yana tsakiyar shekarun da abin ya fi faruwa. Ki tambayi likitansa inda ake yi da ranar da ake yi, ki kuma tambaye shi ko ya dace a fara masa hydroxyurea. Kada ki saya a kemis ki fara ba shi da kanki don kin ji na yabe shi, ana auna shi da nauyin yaro kuma sai ana duba jininsa lokaci lokaci saboda yakan rage wasu ƙwayoyin jinin. In kuma wata rana kika ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki ko da na minti biyar ne ya dawo daidai, a wannan sa'ar za ku tafi asibitin da ke da jini, ku gaya wa na bakin ƙofa sikila ne kuma ɓarin jikinsa ya saki. Ki gaishe min da Hajiya, ki shafa min kan yaron.